Tambayoyin Masu Karatu: Raunin Cusa Umarni a Manhajar da Ke Jan Ragamar Sadarwa

Mafi yawan wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan sun fito ne daga ma'aikatan da ke kula da na'urorin sadarwa na kamfanoni da makarantu da asibitoci, kuma kusan dukkansu a kan abu guda suke zagayawa, wato sanarwar da masu ƙera na'urori kan fitar cewa an gano raunin cusa umarni a manhajar kontirola, wato na'urar da ke jan ragamar sauran na'urorin sadarwa. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunayen masu su da na wuraren aikinsu, domin bai kamata duniya ta san wace ma'aikata ce ƙofarta take buɗe har yanzu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake kula da kontirolar Wi-Fi ta kamfaninmu. Waɗanda suka ƙera ta sun aiko da sanarwa cewa akwai raunin cusa umarni a cikinta, kuma an ba raunin maki 9.8. Na karanta sanarwar sau uku amma ban gane ainihin abin da ke faruwa a cikin na'urar ba. Ina neman ƙarin bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yawancin waɗannan na'urori, in ka leƙa cikinsu, Linux ne ko wani danginsa yake gudana a ƙarƙashi, shafin da kake gani a burauza kuwa riga ce kawai aka sa masa domin sauƙaƙa maka aiki. A cikin Linux akwai wata manhaja da ake kira shel, wadda aikinta shi ne ta karɓi layin rubutu, ta fassara shi a matsayin umarni, ta zartar. Masu rubuta manhajar kontirola sukan ga cewa maimakon su sake rubuta wani aiki daga tushe, gara su miƙa shi ga shel, tun da akwai ƙananan manhajoji da suka daɗe suna yin wannan aikin. A nan ne matsalar take farawa.

Ɗauki shafin gwajin sadarwa, wanda kusan kowace kontirola take da shi. Akwai ɗan akwati da ake rubuta adireshin na'ura a ciki domin a gwada ko tana amsawa. Ka rubuta 10.0.0.1 ka danna maɓalli. A bayan fage manhajar takan ɗauki abin da ka rubuta ta manna shi a ƙarshen wani rubutu da aka tanada tun farko, sai layin ya zama ping -c 3 10.0.0.1, ta miƙa wa shel, shel ta aika gwaji sau uku, a dawo maka da sakamako. Babu laifi a nan. To amma a ce wani ya rubuta 10.0.0.1; id a cikin wannan akwati, wato adireshin, sai waƙafi mai ruwa, sai kalmar id. Layin da zai isa ga shel shi ne ping -c 3 10.0.0.1; id. A wurin shel, waƙafi mai ruwa yana nufin umarni na farko ya ƙare, ga na biyu nan tafe. Saboda haka za ta yi gwajin, sannan ta zartar da id, wanda ke nuna sunan asusun da manhajar take aiki da shi. Idan amsar da ta fito ta nuna uid=0, to manhajar tana aiki ne da asusun root, wanda babu abin da aka hana shi a cikin na'urar, kuma duk abin da baƙon ya rubuta bayan waƙafin nan gaba, da wannan ikon za a zartar da shi.

Abin ya yi kama da ofishin da aka ajiye takarda mai cewa "kai wannan wasiƙa ga wane", aka bar gurbi domin baƙo ya rubuta sunan wanda yake nema, aka kuma ɗauki masinjan da yake aikata duk abin da ya gani a rubuce ba tare da ya bambanta rubutun maigida da na baƙo ba. Baƙo ya rubuta suna, ya ƙara da cewa "sannan ka kawo mini mabuɗin ma'aji", masinja kuwa ya je ya kawo. An buɗe gurbin ne domin karɓar bayani, sai aka bari abin da aka zuba a ciki ya zama umarni. Wannan cakuɗuwar bayani da umarni ita ce dukkan cutar, kuma waƙafi mai ruwa ɗaya ne kawai daga cikin alamomin da shel take ba wa ma'ana ta musamman; akwai sandar tsaye, da alamar & guda ko biyu, da alamar dala mai biye da baka, har da sauka zuwa sabon layi.

Makin da ka ambata kuma na tsarin CVSS ne, wanda yake auna muni daga 0 zuwa 10, kuma duk abin da ya kai 9.0 yana cikin rukuni mafi tsanani. Maki 9.8 galibi yana nuna cewa ana iya kai harin ta hanyar sadarwa daga nesa, ba a buƙatar suna ko kalmar sirri, ba a buƙatar wani ma'aikaci ya danna komai, kuma harin ba shi da wuyar haɗawa. A kundin nau'o'in rauni da cibiyar MITRE ta Amurka take kula da shi, wannan nau'in yana da lamba CWE-78, kuma za ka riƙa ganin lambar a jikin sanarwa. Da zarar ka gan ta tare da maki 9.8, wannan aikin yau ne, kada ka jira ƙarshen wata.

Tambaya: Malam, kullum ana samun rauni a kwamfutoci da wayoyi amma ba a tayar da hankali haka. Me ya sa na kontirola ya fita daban?

Amsa: Saboda matsayinta. Kamfanin da yake da na'urorin Wi-Fi ɗari biyar ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya yana saita su ba, don haka akan ɗora su duka a ƙarƙashin kontirola guda, ita ce take tura musu saiti, take tura musu sabuwar manhaja, take yanke hukuncin wanda zai shiga wane sashe na sadarwa. Domin ta iya wannan aiki dole a damƙa mata amanar da ba a damƙa wa wata na'ura ba: mabuɗan sirri na shiga sauran na'urori, kalmar sirrin da take magana da ita da sabar tantance ma'aikata, takardun shaidar dijital, da taswirar yadda aka tsara sadarwar gaba ɗaya. Wanda ya kama kwamfutar ma'aikaci guda, ɗaki guda ya shiga. Wanda ya kama kontirola kuwa ya samu damin mabuɗan gidan, kuma sauran na'urorin za su karɓi umarninsa ba musu, domin haka aka ƙera su su yi.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara dagula lamarin. Kwamfutar ofis tana da manhajar sa ido da ke kai rahoton duk wani baƙon motsi, amma yawancin kontirololi akwati ne rufaffe, mai ƙera su bai yarda a ɗora musu wata manhaja daga waje ba. Mai kula da su yana ganin abin da shafin gudanarwa ya nuna masa ne kaɗai, mai kutse kuwa da ya samu root yana ganin abin da ke ƙarƙashin shafin. Sau da yawa ɓarawon ya fi mai gidan ganin cikin gidan.

Misali na kusa shi ne Aviatrix Controller, manhajar da kamfanoni ke amfani da ita wajen sarrafa sadarwarsu a cikin girgije, wato sabobin haya na intanet irin na Amazon da makamantansa. A watan Janairu na 2025 aka bayyana rauni mai lamba CVE-2024-50603 a cikinta, wanda Jakub Korepta na kamfanin SecuRing ya gano, kuma aka ba shi cikakken maki 10. Wasu guraben da manhajar take karɓar bayani ta cikinsu ba a tace su ba kafin a miƙa su ga umarni, kuma ba a buƙatar shiga da kalmar sirri. Cikin 'yan kwanaki kamfanin tsaro na Wiz ya ba da rahoton cewa masu kutse suna dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto mai suna XMRig da kuma ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar komowa cikin na'ura, mai suna Sliver a kan kontirololin da ba a yi wa faci ba, wato gyaran da mai manhajar ya fitar domin toshe raunin. Haƙar kirifto ita ce mafi sauƙin ɓarnar, domin abin tsoron shi ne irin ikon da akan ba wannan kontirola a cikin asusun girgije na kamfani.

Misali na biyu yana nuna cewa kafar ba lallai ta kasance a shafin burauza ba. Na'urorin Aruba, kamfanin da ya koma hannun HP a 2015, suna magana da junansu ta wata ƙa'idar sadarwa tasu mai suna PAPI, a kan ƙofar UDP mai lamba 8211. A farkon 2023 kamfanin ya sanar da raunukan cusa umarni guda huɗu, daga CVE-2023-22747 zuwa CVE-2023-22750, kowanne da maki 9.8, waɗanda ake kaiwa gare su ta hanyar aika ƙunshin bayani da aka ƙera musamman zuwa wannan ƙofa. Mai kula da sadarwa zai iya sa wa shafin gudanarwa kalmar sirri mai tsawon layi guda, amma wannan bai taɓa ƙofa 8211 ba ko kaɗan. A watan Satumba na 2024 aka sake samun wasu guda uku ta wannan hanya, a wannan karon a na'urorin Wi-Fi ɗin kansu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ce mataimakiyar shugaban sashen fasaha a wurin aikinmu. Sanarwar da muka samu ta ce sai mai kutse ya riga ya shiga da asusun mai gudanarwa kafin ya iya amfani da raunin, makinsa kuma 7.2 ne kawai. Shugabannina sun ce a bari sai lokacin gyaran da aka saba yi duk bayan wata uku, tun da mu uku ne kaɗai muke da kalmar sirrin. Shin akwai laifi a jinkirin?

Amsa: Barka kadai, Malama. Na fahimci hujjar shugabanninki, kuma a kan takarda tana da ƙarfi, amma abin da ya faru a shekarun nan bai goyi bayanta ba. Masu kutse ba sa kallon rauni shi kaɗai, sukan nemi wani su ɗaura masa, ɗaya ya buɗe ƙofa, ɗaya ya ba da iko.

A ranar 16 ga Oktoba, 2023, Cisco ya sanar cewa ana kai hari a kan shafin gudanarwa na manhajarsa ta IOS XE, wadda take gudana a kan rautoci da suwic-suwic da kuma kontirololin Wi-Fi na Catalyst 9800. Da bincike ya yi nisa sai aka gano raunuka biyu ne aka haɗa. Na farko, CVE-2023-20198, yana ba baƙon da ba shi da kalmar sirri damar ƙirƙirar wa kansa asusun mai gudanarwa. Na biyu, CVE-2023-20273, cusa umarni ne da yake buƙatar asusu, kuma makinsa daidai da naku ne, 7.2. Sharaɗin "sai an shiga da asusu" ya faɗi ke nan tun a matakin farko, domin maharin da kansa ya yanka wa kansa mabuɗi, sannan ya bi ta rauni na biyu ya zama root ya dasa manhajarsa. Masu binciken da suka leƙa intanet a makon sun ƙirga na'urori sama da 40,000 ɗauke da dashen.

Wata uku bayan haka aka maimaita irin wannan a na'urorin Ivanti Connect Secure, waɗanda ma'aikata ke bi ta cikinsu su shiga sadarwar kamfani daga nesa. CVE-2023-46805 yana tsallake tantancewa, CVE-2024-21887 kuma cusa umarni ne da aka ce na mai gudanarwa ne kaɗai. Kamfanin Volexity ya gano ana amfani da su tare tun watan Disamba na 2023, aka sanar da duniya ranar 10 ga Janairu, 2024, faci kuwa bai fara fitowa ba sai ƙarshen watan.

Ko da babu rauni na biyu, kalmar sirri abu ce da ake sacewa. A watan Yuli na 2024 Cisco ya gyara CVE-2024-20399 a manhajar NX-OS ta suwic-suwic ɗin Nexus, raunin da makinsa 6.0 ne kacal saboda sai da asusun mai gudanarwa ake kaiwa gare shi. Duk da haka kamfanin Sygnia ya same shi a hannun wata ƙungiyar leƙen asiri da ya laƙaba wa suna Velvet Ant, wadda ta riga ta mallaki kalmomin sirrin, ta kuma yi amfani da raunin domin ta fice daga iyakar umarnin da aka yarje wa mai gudanarwa ta sauka cikin Linux ɗin da ke ƙasa, inda babu mai ganin ta. Wannan shi ne amfanin irin wannan rauni ga wanda ya riga ya shigo: yana ba shi maɓoya.

Shawarata ita ce kada maki kaɗai ya yanke muku hukunci. Ki duba ko lambar raunin tana cikin jerin raunukan da aka tabbatar ana amfani da su, wanda hukumar CISA ta Amurka ta fara wallafawa a watan Nuwamba na 2021 kuma kowa yana iya karantawa kyauta. Ki duba ko shafin gudanarwarku yana kallon intanet ko sashen da kowane ma'aikaci yake iya kaiwa. Idan ɗaya daga cikin biyun ya tabbata, wata uku ya yi yawa. Idan kuma shugabanninki suna tsoron yankewar aiki ne, ki tuna musu da kamfanonin makamashi 22 na ƙasar Denmak da aka kai wa hari a watan Mayu na 2023, inda zagayen farko ya bi ta CVE-2023-28771, raunin cusa umarni a katangun tsaro na Zyxel. Facin ya fito tun ƙarshen Afrilu, harin ya zo ranar 11 ga Mayu, kuma wasu daga cikin kamfanonin sai da suka yanke kansu daga intanet gaba ɗaya. Yankewar rabin sa'a da ku kuka zaɓi lokacinta ta fi wadda wani zai zaɓar muku sauƙi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhaja. Idan na tace abin da mai amfani ya rubuta, na cire waƙafi mai ruwa da sauran alamomi masu haɗari, ashe ban magance matsalar ba?

Amsa: Ka rage ta, ɗalibi, amma ka ɗora wa kanka aikin da ba ya ƙarewa. Jerin abubuwan da aka hana kullum yana da giɓi, domin kai sai ka tuna da dukkan alamomin, mai kutse kuwa guda ɗaya da ka manta ta ishe shi. Ka cire waƙafi mai ruwa, ya zo da sandar tsaye. Ka cire ta, ya zo da alamar sauka sabon layi a ɓoye cikin lambobi. Ka hana tazara tsakanin kalmomi, ya yi amfani da wani suna na musamman da shel take fassarawa a matsayin tazara. Da yawa daga cikin facin da aka yi ta wannan hanya an dawo an sake yi musu faci.

Maganin asali shi ne a cire shel daga tsakani. A harshen C, aikin system yana miƙa layinka gaba ɗaya ga shel ta fassara, alhali execve yana kiran manhajar da kake so kai tsaye, ya ba ta kowane bayani a gurbinsa daban. A Python ma haka ne: idan ka kira subprocess.run ka ba shi jerin abubuwa, wato ping daban, -c daban, 3 daban, adireshi daban, ba ka kuma kunna shell=True ba, to ko mutum ya rubuta 10.0.0.1; id, ping zai karɓi rubutun duka a matsayin adireshi guda, ya ce bai san wannan adireshi ba, magana ta ƙare. Waƙafin ya rasa mai fassara shi. Mafi kyau ma, inda harshen da kake aiki da shi yake da nasa aikin na ƙirƙirar jaka ko goge fayil ko neman adireshi, ka yi amfani da shi, kada ka kira wata manhaja daga waje kwata-kwata.

Bayan haka sai tacewa ta biyo, kuma ta fuskar abin da aka yarda da shi za ka yi ta. Idan gurbin na adireshi ne, ka ba wa aikin da ya san siffar adireshi ya tantance, duk abin da bai dace ba a mayar da shi. Wannan yana da muhimmanci ko bayan cire shel, saboda akwai wani ƙanin wannan rauni da mutane kan manta: idan abin da baƙo ya rubuta ya fara da karan ɗori, manhajar da ka kira tana iya ɗaukar sa a matsayin zaɓin aiki, kuma wasu manhajoji suna da zaɓin da ke zartar da wani umarni ko rubuta fayil. Shi ya sa akan sa karan ɗori biyu kafin bayanin baƙo, alamar da yawancin manhajojin Linux suka fahimta da cewa zaɓuɓɓuka sun ƙare.

Ka kuma faɗaɗa fahimtarka ta abin da ake kira bayanin baƙo, domin bai tsaya ga akwatin rubutu ba. A na'urar tace imel ta Barracuda, raunin CVE-2023-2868 ta sunan fayil ya shigo. Na'urar takan buɗe ƙunshin tar da aka liƙa a jikin imel domin ta bincika shi, sai ta ɗauki sunayen fayilolin da ke ciki ta miƙa su ga umarni ba tare da cikakkiyar tacewa ba. Mai kutse ya sa wa fayil sunan da shi kansa umarni ne, ya aika imel, kuma ba a buƙatar kowa ya buɗe saƙon, domin mai gadin ne da kansa ya zartar da shi a yayin bincike. A kontirola, irin waɗannan gurabe sun haɗa da sunan da wata na'ura ta ba kanta, sunan hanyar Wi-Fi, abin da ke rubuce cikin takardar shaidar dijital, da sunan fayil ɗin ajiyar saiti.

A nan zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. An san wannan cuta da maganinta shekaru da dama, kuma abin kunya ne a ce na'urar da aka sayar da sunan tsaro tana manna rubutun baƙo a layin shel da ikon root. Hukumomin CISA da FBI sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a watan Yuli na 2024 suna kira ga masu ƙera manhaja su kawar da wannan nau'in rauni daga tushe, suka kafa hujja da na Cisco NX-OS, da na Ivanti, da CVE-2024-3400 na Palo Alto Networks wanda ya samu maki 10 a watan Afrilu na shekarar. Idan aka ɗora wa mai kula da sadarwa laifin rashin saurin faci aka yi shiru a kan wanda ya rubuta layin, an bar jaki ana dukan taiki.

Tambaya: Muna da katangar tsaro mai tace zirga-zirgar shafukan intanet. Ba za ta tare irin wannan hari ba?

Amsa: Tana iya tare wanda ta san siffarsa, kuma hakan yana sayen lokaci kafin faci ya iso, amma ita ma jerin abubuwan da aka hana take bi, da irin giɓin da na ambata a sama, kuma ba ta ganin abin da ya bi ta ƙofa irin ta PAPI. Abin da ya fi ta amfani shi ne rage waɗanda suke iya yi wa kontirola magana tun farko. A cire shafin gudanarwa daga intanet, a ware masa sashen sadarwa nasa, a yarje wa adireshin kwamfutocin masu gudanarwa kaɗai, a kashe duk hidimar da ba a amfani da ita. A rikicin IOS XE na 2023, kafin faci ya fito, shawarar Cisco ta farko ita ce a kashe sabar HTTP ta na'urar da ke kallon intanet, kuma ana yin hakan ne da gajerun umarni biyu. Aruba ma ya ba masu kontirola shawarar kunna ƙarin tsaron PAPI da mabuɗin da ba na asali ba.

Tambaya: Malam, mun ɗora facin kwana goma bayan fitowarsa, kuma kontirolarmu tana kallon intanet a tsawon wannan lokaci. Yanzu mun tsira?

Amsa: Kun toshe kafar, ɗan'uwa, amma faci ba ya korar wanda ya riga ya shiga, kuma kwana goma a fili lokaci ne mai tsawo, musamman idan an wallafa yadda ake kai harin. Ku ɗauka cewa mai yiwuwa an shiga, sannan ku nemi hujjar da za ta nuna akasin haka.

Abubuwan da suka faru a baya sun nuna dalili. Dashen da aka sa a na'urorin IOS XE yakan ɓace idan aka sake kunna na'ura, amma asusun da maharin ya ƙirƙira yana nan daram, don haka wanda ya sake kunnawa ya ga komai lafiya ya koma barci, ya bar baƙo da mabuɗi a hannu. A batun Ivanti, hukumar CISA ta umarci ma'aikatun gwamnatin tarayyar Amurka su cire na'urorin daga sadarwa gaba ɗaya kafin ƙarshen ranar 2 ga Fabrairu, 2024, su mayar da su saitin masana'anta, su sake gina su, su canja kalmomin sirri da takardun shaida kafin su dawo da su aiki. Barracuda ya wuce nan: an gano cewa ana amfani da rauninsa tun watan Oktoba na 2022, wata bakwai kafin a farga, kuma a watan Yuni na 2023 kamfanin ya gaya wa waɗanda aka shiga na'urorinsu su maye gurbinsu da sababbi, ko da sun ɗora faci.

Saboda haka ku fara da jerin asusun masu gudanarwa, ku bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ba ku san wanda ya buɗe shi ba ku ɗauke shi a matsayin shaida, kada ku goge shi kafin ku adana bayaninsa. Ku kwatanta saitin yau da ajiyar da kuka yi kafin fitowar sanarwar, layi da layi, kuna neman sabuwar ƙa'idar shiga, ko sabon ramin sadarwa zuwa waje, ko canjin inda ake aika rajistar ayyuka. Ku duba rajistar katangar tsaro ku ga ko kontirola ta fara kiran wasu adireshi na waje da ba ta saba kira ba, domin kontirola mai lafiya abokan maganarta kaɗan ne kuma sanannu. Rajistar da ke cikin na'urar kanta ba abin dogaro ba ce, tun da mai ikon root yana iya share sawunsa, don haka wadda aka riƙa turawa zuwa wata saba daban ita ce za ta yi muku amfani. Idan ba ku da irin wannan, ku kafa ta a wannan makon. Idan mai ƙera na'urar ya fitar da alamomin gane kutse ko manhajar tantance lafiyar na'ura, ku yi amfani da su, amma ku sani sakamako mai tsabta bai kai matsayin rantsuwa ba, domin an samu lokacin da masu kutse suka yaudari irin wannan manhaja a na'urorin Ivanti.

Ko kun ga alama ko ba ku gani ba, ku canja duk sirrin da kontirola take riƙe da shi: kalmomin sirrin masu gudanarwa, mabuɗin da take magana da sabar RADIUS mai tantance ma'aikata da shi, asusun da take shiga kundin ma'aikata da shi, kalmomin SNMP na sa ido a kan na'urori, mabuɗan SSH na shiga na'ura daga nesa, da takardun shaidar dijital. Idan kuwa kun ga alama ko guda ɗaya ce, ku ɗauki hoton ma'adanar na'urar domin masu bincike, ku sake ɗora manhajarta daga kwafin da kuka sauko da shi daga mai ƙera ta kuka kuma tantance sa hannunsa, ku dawo da saiti daga ajiyar da ta girmi ranar kutsen, sannan ku bi na'urorin da ke ƙarƙashinta ku tabbatar manhajar da ke kansu ita ce wadda ku kuka tura musu.